Inna da Matar Cikin Littafin Jamus

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Inna. A watan Rajab ta cika, a nan Jidda, cikin ɗakin hayar da ke bayan shagon mai gyaran firiji a unguwar Waziriyya. Ni kuwa ina can gida Najeriya ina fushi da ita. Ban ga gawarta ba, kuma ban san kabarinta ba, don a nan ba a kafa alama a kan kabari. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in ajiye. Bana dai na gaji da ajiyewa.

Bari in fara da faɗin laifina, kada mai karatu ya ɗauka yabo zalla na zo yi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da mahaifiyata a rai, a kan an kama ni ina yarinya an mayar da ni gida, ita kuma ba ta neme ni ba. Haka na yi imani, kuma a kan haka ta mutu ta bar ni.

Da goyona suka zo aikin Hajji ita da Baba, aka gama ba su koma ba, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi. Baba ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, yana sauke buhunan shinkafa da siminti, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi ya tafi. Ya bar Inna da ni da ƙanwata Jummai, mai ciwon sikila. Babu mai iƙama a cikinmu, wato takardar izinin zama. Inna ta samu aikatau a unguwar Bagdadiyya, gidan wani likita Balarabe da ya yi karatu a Jamus ya dawo da mata daga can. Sitti muke ce wa matar. Doguwa ce, busasshiya, mai saurin faɗa da saurin hucewa, kuma ban taɓa ganin hannunta babu littafi ba.

Yaran da aka haifa a nan, waɗanda rabin Hausarsu Larabci ne, sai an yi musu bayanin wani abu kafin su gane sauran labarin. Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, Rabi'atu. Saboda haka alkunya biyu ta hau kan Inna: ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta faɗin sunan surukarta. Unguwa duka Uwani ake ce mini, Sitti ma da Uwani ta san ni. Ita Inna ko Uwanin ma da ƙyar take furtawa. “Ke” ne sunana a bakinta. Jummai kam a wuni sai ta kira ta sau ashirin, har da waƙa. Ba na jin haushi a lokacin, don haka na ga kowace uwa ta gari tana yi.

Sitti ba ta da ƙawaye. Matan dangin mijinta ba su cika shiga harkarta ba, 'ya'yanta maza suna makaranta, saboda haka sai ta jawo kujera ɗakin guga ta zauna da littafinta, ta karanta shafi da Jamusanci a zuci, ta ɗago ta ba Inna labarin da Larabci. Larabcin Sitti gurgu ne, na Inna kuma na kasuwa, amma sun fahimci juna sarai. Littattafan ƙagaggun labarai ne, kuma kusan duk a kan mata suke, matan da ba kowa ba, waɗanda yaƙin duniya na biyu ya bi ta kansu. Babu sarki a ciki, babu janar. Mai wanki ce, da mai ɗinki, da matar mai gasa burodi.

Inna kuma sai ta kwaso labarin ta kawo Waziriyya. Bayan la'asar, idan mata sun zauna ɓarar gyaɗar da za a soya, ita ke da bakin magana. A bakinta na ji yadda jirage suka rushe birni guda, maza sun ƙare a fagen yaƙi, mata suka jera layi suna miƙa wa juna bulo hannu da hannu suna kankare shi don a sake gini. Na ji labarin wadda ta kai rigar aurenta ƙauye ta musanya da ɗan buhun dankali. Na ji na waɗanda suka shafa toka a fuska suka ɓuya a ɗakin ƙasa ranar da sojojin abokan gaba suka shigo gari, kuma tokar ba ta cece su ba. A nan Inna takan dube ni ta ce, “Ke, tashi ki duba wuta.” Gwaggo Tabawa, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Inna, ita ce mai katse labari. Ranar da aka zo kan dankalin nan sai da ta ajiye tire ta ce, “Ashe Bature ma yana jin yunwa.”

Akwai labarin da ya tayar da ƙura a wurin. Wata mata ce a cikin littafin, aka zo aka kwashe maƙwabtanta Yahudawa da rana tsaka, ta leƙa ta taga ta gani, ta saki labule. Bayan kwana biyu ta shiga gidan ta ɗauko keken ɗinkinsu, da shi ta ciyar da 'ya'yanta har yaƙi ya ƙare. Mata suka hau tsine mata. Inna ta bar su suka gama, sannan ta ce, “Ranar da aka kama Ladi mai tuwo, wa ya buɗe ƙofa a cikinmu? Tukwanenta kuma suna gidan wa?” Aka ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Amma labarin da ya shiga jikin Inna daban ne. Wata uwa ce take gudun hijira cikin ƙanƙara da 'yarta mai shekara uku. A wata tashar jirgin ƙasa aka yi turereniya, hannun yarinyar ya suɓuce, jirgi ya tashi da uwar. Masu agaji suka tsinci yarinyar, suka tambaye ta sunanta, sai ta faɗi sunan wasan da uwar ke kiranta da shi, don shi kaɗai ta sani. Aka rubuta shi haka. Uwar ta yi shekaru tana bin ofis-ofis da sunan gaskiya, tana duba takardun da ake liƙawa a bango, tana kasa kunne ga rediyo lokacin da ake karanto sunayen yaran da aka tsinta. Sunan da take nema ba ya cikin kowane littafi.

Sati guda Inna ba ta ci abincin kirki ba. Mu ma a lokacin kame ake yi, mota ta tsaya a kwashe masu talla a tafi da su tarhil, inda ake tsare mutum kafin a sa shi a jirgi. Sai ta kira Gwaggo Tabawa ta zaunar da ita a gabana, tun da ita ba za ta iya ba. Gwaggo ce ta riƙa faɗa ina maimaitawa: idan an kama ki, ko kin ɓata, kada ki ce Uwani, ki faɗi sunanki na yanka da sunan ubanki. Inna tana gefe ta juya baya tana tsince shinkafa. Kullum sai an yi mini wannan bitar, har na fara ƙosawa.

Ina da shekara goma sha uku aka kama ni, ranar wata Litinin da hantsi, ina tallan gyaɗa a bakin wata makaranta. Ban yi kuka ba sai da aka rufe motar. Da aka kai mu gaban mai rubutu, na miƙe tsaye na faɗi sunana da na Baba da ƙarfi, tiryan-tiryan, yadda aka koya mini. Wallahi har wani alfahari na ji, ina cewa a raina Inna za ta ji daɗi ban manta ba. Daga nan na zauna kusa da ƙofa. Duk wanda ya turo ta sai in miƙe. Akwai waɗanda aka zo aka kira sunansu suka fita, ina kallo. Kwana biyar na yi a bakin ƙofar nan, wata dattijuwa 'yar Katsina tana tura mini burodi a baki. Ranar Asabar da sassafe aka kai mu filin jirgi. Dattijuwar ce ta kai ni har gidan baffana a wani ƙauye kusa da Kazaure, Allah ya saka mata.

Ba zan ba da labarin zaman ƙauye ba, ba a zalunce ni ba. Abin da ya cinye ni shi ne tambaya ɗaya. Duk shekara alhazai sukan dawo da saƙon Inna: abaya, dabino, turare, da kaset. A kunna kaset, sai in ji muryarta: “Ke, kina lafiya?” Sai ta lissafa gaisuwa, ta faɗi jikin Jummai, ta ce in riƙe salla. Ko sau ɗaya ba ta taɓo zancen kwana biyar ɗin nan ba. Ni kuma na ce, matar da take kuka saboda yarinyar cikin littafin Turawa, tata 'yar ta cikinta ba ta ishe ta taka zuwa ƙofar tarhil ba. Na san ba za ta bar Jummai ba, don likitan nan ne ke riƙe da ranta bayan Allah. Na sani, amma sanin bai rage komai ba. A shekara goma sha ɗaya kaset biyu na mayar mata, kuma gaisuwa ce tsura, irin wadda ake yi wa surukai. Da saƙon mutuwarta ya zo na yi kuka, amma ko a cikin kukan ina jin fushin yana nan.

Bayan shekara biyu da rasuwarta mijina ya samu aikin tuƙi a nan, ya ɗauko ni da takardu cikakku. Jummai ce ta matsa in je in gai da Sitti. Na same ta a keken guragu, mijin ya rasu, littattafan an zuba su a kwalaye. Tana ganina ta ce, “Uwani,” ta kama hannuna ta ƙi saki. Ni na zo ne in yi gaisuwa in tashi. Ita ta ɗauka na san komai, sai ta fara ba ni haƙuri a kan ranar Laraba.

Na ce, “Wace Laraba, Sitti?”

A nan na ji. Ranar da aka kama ni Inna ta isa gidan Sitti ba takalmi. Likita ya yi ta buga waya har ya samu wani da ya sani, wanda ya yarda zai fito da littafin sunaye ta ƙofar gefe, sau ɗaya, idan sunan yana ciki likita ya tsaya mini a sake ni. Ranar Laraba direba ya kai su, Sitti da Inna. Inna da ba ta da ko guntun takarda ta je ta tsaya a ƙofar da kowa ke gudu. Mutumin ya fito a gaggauce, askarawa biyu a bayansa, ya buɗe littafi ya ce mene ne sunanta. Sitti ta ce ta ga bakin Inna ya buɗe ya rufe. Sannan ta ce, “Uwani.” Ya bi shafi uku da yatsa, ya ce babu, shi ke nan, ya rufe ya shige. Sitti ba ta san akwai wani suna ba, balle ta gyara. Sai a mota Inna ta faɗa mata, kuma ko a nan ba ta furta shi ba, cewa ta yi yarinyar tana da wani sunan.

“Na yi mata ihu da Jamusanci tun daga can har gida,” in ji Sitti. “Na ce ni na ba ki labarin nan, ke kika sa aka koya mata. Ta ce ta sani. Ta ce yana kan harshenta, bakin ne ya ƙi.”

Likita ya sake buga waya, aka ce mutumin ya tashi. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu. Aka ce sai Asabar.

Daga ranar Sitti ba ta ƙara jawo kujera ɗakin guga ba. Sau ɗaya kawai, bayan wata da watanni, Inna ta tsaya da dutsen guga a hannu ta tambaye ta ko matar cikin littafin ta ga 'yarta daga baya. Sitti ta ce mata ta gan ta. Ni kuma ta gaya mini gaskiya, ba ta gan ta ba, a layin wani ofis littafin ya ƙare. Na tambaye ta me ya sa take karanta irin waɗannan abubuwa masu ƙona rai. Ta ce ita ma a cikin ƙanƙarar nan uwarta ta jawo ta tana ƙarama, kuma har matar ta mutu ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi abin da ya same su a hanya ba. A littattafan nan take neman abin da uwarta ta haɗiye. Ta sa aka zaro littafin daga kwali ta miƙo mini. Na ce ta bar shi, ba na jin Jamusanci. Gaskiyar ita ce ba na son ganinsa a ɗakina.

Daga Bagdadiyya ban koma gida ba, Waziriyya na wuce, wajen Gwaggo Tabawa. Na same ta tana tsame ƙosai. Ban ko gaishe ta da kyau ba na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta sauke kaskon, ta ce Inna ce ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba muddin tana da rai. Inna ta ce gara in ɗauka ba ta zo ba, da in san ta zo ta tsaya ta kasa. Sannan Gwaggo ta ba ni ragowar, wadda ko Sitti ba ta sani ba. Ranar Asabar Inna ba ta jira direba ba. Gari na wayewa ta fita, Gwaggo ta bi ta a baya don tsoro. Ta je babbar ƙofar, ba ta gefe ba, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta ɗaga murya ta kira sunana na yanka. Ta kira, ta sake kira, mayafinta ya faɗi ba ta ɗauka ba. Askarawa suka ɗauka taɓin hankali ne, shi ya sa ba su kama ta ba, suka ɓamɓare hannunta suka tura ta titi. Masu gadi sun ji, masu jiran 'yan'uwansu sun ji, direbobin tasi sun ji. Mu kuma an riga an fitar da mu tun asuba.

Yau idan aka kama mutum ba a dogara da bakinsa. Yatsa ake ɗorawa a na'ura, ta fito da shi da hotonsa. Kowace mai talla da waya a ƙugunta, kafin mota ta bar layi an san inda aka nufa da ita. Nakan yi tunanin me Inna za ta ce. Ina jin za ta riƙe haɓa ta ce to, an huta. Kamen dai bai daina ba, har yanzu ana raba uwa da 'ya, har yanzu muna sakin labule. 'Yan matan yanzu kuma suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, har da na wasa a kai, tsofaffi suna taɓe baki. Ni ma haka nake kiran tawa, a gaban kowa, kuma duk wadda ta ga rashin kunyata ta gani. Amma ba zan zauna in ce alkunyar Inna wauta ce ba. Da ita aka raine ta, da ita ta san tana girmama ni, kuma ita ce ta shaƙe ta a daƙiƙar da ba ta da wata. Na kasa zagin abin, na kuma kasa yafe masa.

Me ya rage nata? Ba ta bar gida ba, ba ta bar zinare ba. Jummai tana nan da rai, tana fama, kuma wannan aikin Inna ne. Labaran ma suna nan. Kwanan baya a wajen wani suna na ji wata yarinya tana ba da labarin matar da ta sayar da rigar aurenta saboda dankali, ta mayar da shi wai a Agadas aka yi. Ban gyara mata ba. Sitti ta rasu, littattafanta ban san inda aka kai su ba. Waɗanda suka rubuta su ba su san akwai wata mai guga a Jidda da ta ɗauki matansu tamkar 'yan ɗakinsu ba, ta yi musu kuka, ta ɗauki darasi a wurinsu, darasin kuma ya juyo ya sare ta. Kaset ɗinta guda tara suna wurina. Na saurare su yanzu ba adadi, ina jin inda take yin shiru bayan ta ce “Ke”, kafin ta ci gaba. Da can ban taɓa lura da shirun ba. Ina roƙa mata gafara a kowace salla, amma ni ce mai buƙatar tata, kuma babu inda zan same ta.

Gwaggo Tabawa ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Duk watan Rajab nakan kai mata shayi da sukari in zauna. Makon jiya na je, na tambaye ta abin da nake tambayarta kowace shekara: yaya Inna ta faɗi sunan nawa a ƙofar nan, jan sa ta yi ko datse shi ta yi? Gwaggo ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta gwada sau biyu. Sannan ta girgiza kai ta ce, “A'a, Uwani, ba haka ba ne. Ban iya ba.”